'Ya Mace Amana Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Ya mace amana ce a wuyan mahaifinta, ilmi kuwa hakkinta ne. A cikin Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara.

Dokar Nijeriya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare. To, uban da ya cire 'yarsa daga aji ya ɗora mata talla, in ciwo ya kama iyalinsa, ina zai sami likita mace? Ranar Hisabi kuma mece ce hujjarsa?

Allah Ya ba iyaye ikon sauke wannan nauyi, amin.