Hannun da Ke Kwance Mari

Karatu: Markus 5:1-20

Akwai maganar da ta daɗe tana damunmu. In 'yar ekklesiya ta ce za ta koyi aikin nas, kowa sai murna. Amma in ta ce masu taɓin hankali take so ta yi wa jinya, sai fuskoki su sake. Wani ya ce ciwon zai shafe ta, wani ya ce ba za ta sami miji ba. Ashe mun manta da abin da Ubangijinmu ya yi?

Ku tuna da mutumin nan na ƙasar Garasinawa, mai kwana a makabarta. An sha ɗaure shi da sarƙa da mari, yana tsinkewa. Kowa na gudunsa, Yesu kaɗai ya tsaya. Ba mu ce kowane taɓin hankali aikin aljannu ne ba. Ƙwaƙwalwa takan yi ciwo kamar yadda hanta ke yi, wani ta gado, wani ta shan ƙwaya, wata kuwa bayan haihuwa. Amma abu uku da muka gani cikin labarin nan, su ne aikin nas kowace rana.

Na fari, Yesu ya yi magana da shi, har ya tambayi suna. A kan titi "mahaukaci" kawai ake kiran marar lafiya, yara na binsa da jifa. Nas kuwa takan kira shi da sunan da aka raɗa masa. Takan zauna ta saurare shi, ko da maganar ba kai ba gindi. Ko ya zage ta, ta san ciwo ne ke magana.

Na biyu, mutanen gari suka iske shi zaune, da tufafi, cikin hankalinsa. Nas ce ke lura ya yi wanka, ya ci abinci, ya sha magani a kan lokaci. Ita ke duba ko maganin ya sa masa rawar hannu ko sanƙarar wuya, ta gaya wa likita. Ita ke kwana ido biyu a gefen wanda ya gaji da ransa. Domin wannan ne, bayan karatun nas, ake ƙara wani karatu na musamman, kamar yadda ake yi a asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Na uku, Yesu ya mai da shi gida wurin danginsa. A shekarar 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: marasa lafiya na zama a gidajen ƙauyukan kewaye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya gane dangi ma magani ne. Nas takan sallami mutum da ƙwayoyi da ranar komawa, saura kuwa namu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwa, har yanzu mari bai ƙare ba. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Kada mu nuna wa kowa yatsa, gama binciken da aka buga a wannan shekara ya sami sarƙa har a gidajen addu'a na Kirista. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma doka ba ta da hannu. Sai mutum ya sunkuya ya kwance.

To, me za mu yi? In wani namu ya kamu, mu yi addu'a, mu kuma kai shi asibiti, ko Shika ta Zariya ko Barnawa. Kada wani ya ce masa barin magani alamar bangaskiya ce. In ya komo, mu ba shi wurin zama a sujada, mu ba shi fartanya a gonar rake tare da mu. In kuwa ɗanmu ko 'yarmu ta zaɓi wannan aiki, mu sa albarka, kada mu sa tsoro.

Ya Ubangiji, ka ƙarfafa hannuwan masu jinyan nan, ka ba su haƙuri cikin tsakar dare. Amin.