Jarumtaka Ko Ganganci?

'Yan makaranta, ga wata tambaya da mu ke so ku juya a zukatanku: shin ya kamata mutum ya ɗauki alkawarin da ya san ba zai iya cikawa ba? Mun sani za ku yi maza ku ce a'a. To, ku dakata tukuna, ku ji yadda al'amarin ya ke cikin wani wasan karta na Turawa da a ke kira biriji. Kada ku zaci caca za mu koya muku, don a wurin gasarsa lamba kaɗai a ke ƙirgawa.

Wani attajiri mutumin Amurka, Harold Vanderbilt, shi ya tsara lissafin wasan nan cikin shekarar 1925, yana bisa tafiya a jirgin ruwa. Mutum huɗu ke yinsa, biyu na karawa da biyu. Kartar guda 52 ce, dangi huɗu, kowa a ba shi 13, watau zagaye 13 ke nan za a buga. Kafin a fara sai a yi tayi kamar na gwanjo, kowane ɓangare ya faɗi yawan zagayen da ya yi alkawarin ci, da dangin da ya ke so ya zama sarkin sauran. Wanda tayinsa ya fi, shi ke da wasa. In ya cika ya sami lamba, in ya kasa a ci shi tara. Abokan karawa kuwa, in sun tabbata ba zai cika ba, suna da ikon su ninka tarar.

A bisa al'ada mai ƙarfin hannu ke buɗe tayi, ya fara daga ƙasa, shi da abokinsa su yi ta hawa sannu sannu, kowa na gane abin da ɗan'uwansa ke riƙe da shi. Amma a ce ga wani an raba masa karta bakwai dangi ɗaya, sauran shida duk tarkace. Ya duba, ya ga zagaye shida kaɗai zai iya ci. Maimakon ya yi shiru, sai ya yi farat ya taya tara. Me ya sa? Domin ya lura, tun da hannunsa ba ƙarfi, watakila ƙarfin na wurin abokan karawa. In ya tsallake matakan nan na ƙasa ya hana su wurin shawara, sai su koma lalube cikin duhu. Wannan shi ne tayin tare hanya.

To, ƙarya ya yi ke nan? Mu dai a ganinmu bai yi ba. Ƙarya ita ce ka sa wani ya gaskata abin da ba haka ya ke ba. Nan kuwa duk mutum huɗun sun san ma'anar tayin, watau, "Ina da dogon dangi, ba ni da ƙarfi." Dokar wasan ma ta hana mutum da abokinsa su ƙulla wata ma'ana a ɓoye, in an tambaya tilas su bayyana. Ashe ba wanda ya ruɗa, hasara ce ya ɗaukar wa kansa a gaban kowa.

Sauran magana ita ce ko hasarar ta cancanta, nan kuwa sai lissafi. In da ya yi shiru, abokan karawa na iya samun lamba 620. In ya taya tara aka ninka masa, ya kasa da uku a lokacin da tararsa ke da sauƙi, 500 za a ci shi. Ya yar da 500, ya tsare 620, ya ci riba. Shi ya sa Ely Culbertson, shahararren malamin wasan nan, ya koyar da cewa kada a wuce ƙarfin hannu da fiye da uku, in kuwa lokacin da tara ke da nauyi ne, da fiye da biyu. Amma wanda ya ƙara taki ɗaya, ya kasa da huɗu, 800 za a ci shi, don tun 1987 aka ɗaga wannan tara daga 700. Ku dubi yadda zagaye ɗaya tak ke mai da mai hikima wawa!

Har wa yau akwai abin da ya fi lissafi nauyi, watau haƙƙin aboki. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Hanyar nan da ka toshe, ai abokinka ma ita zai bi. In shi ke riƙe da manyan karta, to, shi ka jefa ramin. Don haka gwanaye su kan dubi wurin zamansu. In kai ne na biyu, ɗaya daga cikin abokan karawa ya riga ya nuna ba shi da ƙarfi, saura mutum biyu, ɗayansu kuwa naka ne, sai ka yi hattara. In kai ne na uku, abokinka ya riga ya haƙura, ba abin da za ka ɓata masa, sai ka saki jiki.

Cikin shekarun 1980 wani gwani a Amurka, Marty Bergen, ya yi suna wajen tare hanya da hannun da magabata ba za su yarda su buɗe baki da shi ba, ya kuwa ci manyan gasa. Amma abokinsa Larry Cohen ya san halinsa, sun shirya a kan haka tun da fari. Wanda ke yin irin wannan don ransa ya raya masa, yau haka gobe haka, abokinsa zai daina gaskata tayinsa, daga nan ko da ya faɗi gaskiya ba ta da amfani.

Ga amsarmu. Matsoraci da ba ya taɓa tare hanya ya kan tsira daga babbar tara, amma kullum a na cinsa kaɗan kaɗan. Mai ganganci ya kan burge 'yan kallo, abokinsa ya biya. Jarumi shi ne wanda ya ƙirga iyakar hasararsa kafin ya yi magana, ya ga zai iya ɗauka, ya kuma tabbata wanda za su ɗauka tare ya sani, ya yarda. Ran da ku ka bar makaranta za ku tarar da irin wannan shawara a wurin aiki da wurin fatauci. Kafin ku yi kasada, ku tambayi kanku abu biyu: in ta ɓaci nawa za a biya, kuma wa zai biya?