Ruwan Da Launinsa Bai Canza Ba

Tun muna yara aka koya mana yadda ake gane ruwa mai tsarki: a dubi launinsa, a ji ɗanɗanonsa, a shinshina warinsa. In babu wanda ya jirkita cikin ukun, sai a yi alwala. Hukunci ne na ibada, kuma a gurbinsa yake. Sai dai mun ɗauko shi mun mai da shi ma'aunin lafiya, har ma da ma'aunin laifi. Mutum ya zuba wani abu a kogi, kogin ya haɗiye bai canza kama ba, sai mu ɗauka ba a yi komai ba. A ganinmu ruwa mai yawa yana cinye ƙazanta, ya cinye alhakinta tare da ita.

Akwai sinadaran da ba sa bin wannan lissafi, kuma zaiba, ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa, ita ce uwarsu. In ta shiga kogi sai ta kwanta a laka, inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke juya ta zuwa wani nau'i mai maƙalewa a tsoka. Gansakuka da ƙananan halittun ruwa su sha kaɗan. Ƙaramin kifi ya ci dubbansu, jikinsa kuma ba ya iya fitar da gubar da saurin da take shiga. Giwan ruwa ya ci ɗaruruwan ƙananan kifaye. A kowane hawa abin da ruwa ya watsa sai ya sake haɗuwa wuri guda, har ya zama abin da ke tsokar babban kifi yana iya ninka na cikin ruwan sau miliyan. Suya ba ta fitar da ita, banda ma haka. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan ɓarna: kuskuren lissafi da bai kai kwabo ba, wanda babu gwajin da zai kama shi a zagaye ɗaya, amma in na'ura ta maimaita shi sau miliyan sai asusu ya ƙi daidaita.

Garin Minamata a kudancin Japan shi ya biya kuɗin wannan darasi. Daga 1932 masana'antar kamfanin Chisso ta riƙa zubar da ruwan aikinta mai ɗauke da zaiba a mashigin tekun da masuntan garin suke su. Kyanwoyi ne suka fara nunawa: su riƙa tangaɗi suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa teku. A watan Mayu na 1956 likitan asibitin kamfanin, Hajime Hosokawa, ya kai wa hukuma rahoton wata baƙuwar cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa: hannu da ƙafa su mutu, magana ta sarƙe, gani ya ƙuntata. A 1959 masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka nuna zaiba da yatsa. A shekarar ce kuma Hosokawa ya ba wata kyanwa, mai lamba 400, abinci gauraye da ruwan masana'antar, ta kamu da cutar. Kamfanin bai fitar da sakamakon ba. Abin da ya yi a ƙarshen shekarar shi ne ya ba majinyata ɗan kuɗin jaje, bisa sharaɗin ko da nan gaba an tabbatar ruwansa ne sanadi, ba za su nemi ƙari ba. Ba a daina zubar da zaibar ba sai 1968, shekarar da gwamnati ta amince da musabbabin cutar.

Shekara 12 ke nan tsakanin rahoton farko da amincewar hukuma, kuma a nan tambayata take. Hujjar da aka riƙa kafawa a tsawon shekarun ita ce ba a tabbatar ba tukuna. A fuska magana ce ta adalci: ba a hukunta mutum da zato. Amma kafin a tabbatar dole wani ya ɗauki nauyin jira, kuma a Minamata an ɗora shi a kan mai cin kifi sau uku a rana don ba shi da wani abincin. Kamfani yana jira yana cin riba, masunci yana jira yana cin guba. Wanda ya ce a dakata sai an samu yaƙini ya riga ya zaɓi wanda zai biya kuɗin dakatawar, ko ya sani ko bai sani ba. Ni a ganina, in har abu ya fito daga bututunka ya shiga abincin mutane, kai ne za ka kawo shaidar ba ya cutarwa, ba su za su kawo gawa a matsayin shaida ba.

Mafi ɗaci shi ne jariran. Mata da ba su nuna wata alama mai tsanani ba suka haifi 'ya'ya da lalatacciyar ƙwaƙwalwa, domin gubar tana ratsa mabiyiya ta taru a jikin ɗan tayi. Sarƙar ba a kan mai cin kifi ta tsaya ba, ta ƙara hawa ɗaya zuwa wanda bai taɓa kai loma baki ba.

Labarin Chisso yana da sauƙin yanke hukunci, tun da akwai kamfani ɗaya, bututu sananne, da sakamakon gwajin da aka ɓoye. Kotu ta same shi da laifi a 1973, ta kuma soke sharaɗin kuɗin jajen. Namu ya fi wuya. A yau babbar hanyar da ɗan Adam yake sakin zaiba a duniya ita ce haƙar zinariya ta hannu, irin wadda ake yi a Zamfara da Neja da Ghana. Mai haƙa ya cuɗa zaiba da niƙaƙƙen dutse don ta kamo zinariyar, ya ƙona dunƙulen ta tashi a hayaƙi, ragowar ta bi ruwan wanki zuwa rafi. Kowannensu ɗan kaɗan ya zuba. Babu wanda za a ce nasa kason ne ya taɓa wani yaro a can ƙasan kogi. Shin laifin da aka raba wa mutum dubu goma ya narke kamar gishiri a randa?

Ban yarda ya narke ba, amma ban yarda an raba shi daidai ba. Alhaki yana bin sani da iko. Yaron da ke ƙona zaiba da hannunsa, shi ne farkon mai shaƙar hayaƙin, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa gaya masa komai. Wanda ya shigo da ita a kwalba ya san me ya ɗauko. Dillalin da ya sayi zinariyar bai tambayi yadda aka wanke ta ba don ba ya son jin amsar, haka ma kasuwar da ta narkar da ita ta yi sarƙa. Hukumar da ta san akwai yarjejeniyar duniya kan zaiba, wadda aka ƙulla a 2013 aka sa mata sunan Minamata, ta kuma bar rafukan ba a auna kifinsu, tata ta fi kama da ta masu cewa ba a tabbatar ba tukuna. Rashin awo ma hanya ce ta hana hujja fitowa.

Mai sayen kifi a bakin kasuwa zai ɗaga shi, ya duba ja a kunnensa, ya shinshina, ya matsa tsokar da yatsa. Duk abin da ya iya dubawa zai same shi lafiya lau. Babban kifin da ya fi tsada, wanda ake zaɓa wa mai ciki don ta ƙara jini, shi ne ya fi daɗewa yana tarawa.