Mai Zanen Dodon Goronyo, Ƙarya Ya Yi?

'Yan makaranta, ƙasar nan da muke takawa daga Sifawa zuwa Dange har Wurno, a da can gindin teku ce. Cikin 1930 wani masani, Swinton, ya ba da bayanin ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka tono a Lardin Sakkwato. Cikin 1972 masanan Italiya suka raɗa mata Goronyosaurus, watau don Goronyo. Irinta ya ƙare shekara wajen miliyan 66 ke nan.

To, ga hotonta cikin littattafai, har da launi da ƙwayar ido. Wa ya gan ta? Haƙora da dogon muƙamuƙi, ƙashi ya shaide su. Launi kuwa mai zane ya ƙago, ya aro wajen kada da guza. Ba mu ce da shi maƙaryaci ba, gama ba domin shi ba da ƙasusuwan nan tarin duwatsu ne kurum a idonmu. Laifin da muka ga ya yi ɗaya ne: ya shafe zato da shaida da fenti guda, har yaro ba ya iya rarrabe su. Kai, ko ƙashin ma sai an yi hattara, don cikin 1988 aka sake duban ƙoƙon kan, aka gyara kurakuran haɗin farko.