Ziyarar Baƙi'a cikin ɗari: me muka je nema?



Ya ku ƴan'uwa musulmi, mutanenmu da yawa na zuwa umra tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da ɗarin Madina ke ratsa ƙashi kamar namu na hunturu. Bayan sallar asuba akan buɗe ƙofar Baƙi'a, maƙabartar da ke gabas da masallacin Manzon Allah (SAW), maza su shiga ƙungiya-ƙungiya, kowa ya duƙunƙune cikin bargo, ga jagora a gaba. To, mutum ashirin da ke bin juna tsakanin kusheyi, ziyara suke yi ko kallo?

Wurin ya isa a so ganinsa. Alƙali Iyad ya kawo daga Imamu Malik cewa wajen sahabbai dubu goma suka rasu a Madina, kuma mafi yawansu nan suke kwance. Nan aka rufe Usmanu ɗan Maz'unu, farkon wanda aka binne a wurin cikin Muhajirai, da Ibrahima ɗan Annabi, da Abbas baffansa, da Hasan jikansa, da matansa in ban da Nana Khadija da ke Makka da Nana Maimuna da ke Sarif. Nan Imamu Malik yake tun shekara ta 179 bayan hijira. Mu da muka tashi bisa Ishmawi da Iziyya da Risala, dole zuciya ta motsa in aka ce ga inda limamin mazhabarmu yake.

Sai dai wanda ya shiga ba zai ga suna ko ɗaya ba. Tulin ƙasa ne da duwatsu, sai tattabaru. A da akwai ƙubbobi bisa wasu kaburbura. An rushe su a 1806, aka sake ginawa, aka sake rushewa a Shawwal na 1344, wato 1926. Musulmi sun saɓa kan wannan aiki har yau. Masu goyon baya na kafa hujja da hanin yin gini bisa kabari, masu jin zafinsa na cewa an shafe alamomin tarihi. Mu dai mun san Annabi (SAW) da hannunsa ya aza dutse wajen kan Usmanu ɗan Maz'unu domin ya riƙa gane wurin, don haka sanin kabarin wani ba laifi ba ne. Muna kuwa ganin gardamar ta cinye mana lokacin da ya kamata mu ba abin da ya fi ta.

Abin da ya fi ta shi ne dalilin ziyarar. Da farko an hana musulmi ziyarar kaburbura, daga baya aka yi izini, aka kuma faɗi dalili: tana tunatar da lahira. A nan ne tafiyar taro ke da hatsari. Wanda ke cikin ƙungiya hankalinsa na ga jagora, kada a bar shi baya. Ana ce masa ga na wane can, ya ɗaga wuya, wani ya zaro salula a ɓoye. Ya fita da sunaye goma da zai lissafa wa masu zuwa yi masa barka da sauka, alhali nasa sunan bai faɗo masa a rai ba ko sau ɗaya. Mutuwar ta zama ta mutanen da, ta waɗanda ake karantawa a littafi.

Sayyidina Usmanu ɗan Affan, wanda kabarinsa ke can ƙurya ta gabas, in ya tsaya bakin kabari yakan yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Da aka tambaye shi, sai ya ambaci abin da ya ji daga Annabi, cewa kabari ne masaukin farko cikin masaukan lahira. Ruwayar ba ta ce kabarin wani babba ba ne. Kowane rami ya ishe shi.

Shin ke nan a bar tafiya tare? A'a. Baƙon da bai san wuri ba yana bukatar mai nuna masa hanya, mai koya masa sallamar da Annabi ya koya wa Nana A'isha, mai hana shi taka kabari ko zama bisansa ko ɗibar ƙasa ya ƙulle a gefen riga. Kuma da yawa cikinmu, don Allah a faɗi gaskiya, ba don abokan tafiya ba da bargo ya rinjaye su. Annabi (SAW) kuwa a ƙarshen dare yake barin shimfiɗarsa ya tafi Baƙi'a ya nema wa mutanenta gafara. Abin da ake so ga jagora shi ne ya san lokacin da zai yi shiru. In ya gama lissafin manya, ya bar mutane su ɗan rarrabu, kowa ya tsaya shi kaɗai ko da na minti biyar ne, sanyin na bugunsa.

Sannan ya kai su ɓangaren sababbin ramuka. Muna kiran Baƙi'a wurin tarihi, amma har gobe ana rufe mutane a cikinta. Da wuya a idar da farilla a masallacin Annabi ba a yi kiran sallar jana'iza ba, kuma cikin waɗanda ake ɗaukowa akwai baƙi irinmu, da suka zo da tikitin komawa a aljihu. Ƙasarsu ɗanya ce, dutsensu iri ɗaya da na Malik.

In an dawo gida, ɗarin bai wuce ba tukuna. Kusheyin Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su da jagora, ba a biyan ko dala a shiga. A wasunsu katanga ta faɗi, awaki na ratsawa, ruwan damina ya zaftare gefen kaburbura. Ƙungiyar da ta iya tashi da asuba a Madina tana iya haɗuwa ranar Juma'a da safe, da shebur da kwando, kowa ya fara da inda mahaifinsa yake.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.