Adakar Seydou Keita

A shekarar 1935 wani mutumin Bamako ya dawo daga Senegal da tsaraba, 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie da fim mai cin hoto takwas. Kyamarar ta faɗa hannun wani yaro a danginsa, Seydou Keita, wanda a lokacin yake koyon aikin kafinta a wajen mahaifinsa. Hannun da ya saba da zarto da guduma ne ya fara lalube a kanta, ba malami, ba littafi.

Da mutanen gida ya fara, sannan maƙwabta. Hotunan farko ba su yi kyan gani ba: wani ya motsa, wani ya fito dishi-dishi, ga kuɗin fim ya tafi. Bai yar da kyamarar ba, bai kuma saki kafinta nan take ba, don da ita ake sayen fim. Ya riƙa zarya shagon wani Bafaranshe mai sayar da kayan hoto, Pierre Garnier, yana tambaya, daga baya kuma ya koyi wanke hoto a wajen Mountaga Dembele. Shekara 13 aka yi a haka kafin ya buɗe wurin kansa a 1948, a tsakar gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, bayan gidan yari.

Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Hasken rana shi ne fitilarsa. Labulen farko da ya rataya a bayan masu zuwa hoto zanen gadonsa ne. Sannu a hankali ya tara kayan aro: kwat da hula, agogo, alƙalami, tabarau, rediyo, babur ɗin Vespa, har mota. Saurayin da ba shi da ko keke sai ya fito a hoto ya dafa babur, ya aika wa dangi a ƙauye. Kada a yi saurin cewa ƙarya ce. Mutum ya biya kuɗinsa ne don a gan shi yadda yake fatan zama, kuma Keita ya gane haka tun da wuri.

Fim na da tsada, don haka mutum ɗaya, ɗauka ɗaya. Duk wahalar aikin kafin a danna take. Mace za ta zo da adonta, ya zaunar da ita ko ya sa ta kishingiɗa, ya baza mata zane yadda zubin atamfar zai fito, ya ɗora hannunta a inda zobe da awarwaro za su bayyana, ya ɗan karkata mata kafaɗa da haɓa, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya gyara ɗankwali. Sai ya gamsu ya danna. (Matashin yau da ke harba hoto ɗari a wajen kamu yana fatan biyar su yi kyau, da zai gwada wuni guda a kan wannan ƙa'ida, da ya ji a jikinsa.) Suna ya tafi, layi ya riƙa tsayi, har matafiyan da suka sauka daga jirgin ƙasan Dakar sukan biyo ta wurinsa.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ba wanda ya biya shi ko sisi a kanta. Wanda aka ɗauka ya karɓi katinsa ya tafi, shi kuwa sai ya adana nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke. Dubbai ya tara a adakar ƙarfe, ya kasa su gwargwadon tsayuwar masu hoton, yana fito da su yana gogewa saboda ƙura da laima. A 1962, bayan Mali ta samu 'yanci, gwamnati ta ɗauke shi aikin ɗaukar hoto, shagon ya rufe ba da jimawa ba. Ya yi ritaya a 1977 ya koma gyaran injuna. Adaka na nan a ɗaki.

A 1991 aka baje kolin kayan fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. Cikinsu har da wasu hotuna daga Bamako, an rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani Bafaranshe, Andre Magnin, ya ɗauki kwafinsu ya nufi Bamako cigiya. Ya nuna wa Malick Sidibe, shi ma gwanin hoto ne a garin. Kallo ɗaya Sidibe ya yi musu ya ce aikin Keita ne, ya kwatanta masa gidan. Ba sa hannu a jiki, amma zaman mutanen da labulen bayansu sun isa shaida.

Baƙon ya tarar da dattijo mai shekara kusan 70, aka buɗe adaka, nagatif na nan garau. Daga cikinsu aka wanke manyan hotunan da aka nuna a Fondation Cartier da ke Paris a 1994, daga nan suka zaga duniya. Keita ya rasu a Paris a 2001, kuma a 2016 aka cika zaurukan Grand Palais da aikinsa. Abu ɗaya ne bai adana ba: sunayen mutanen da ya ɗauka. Shi ya sa yawancin hotunan nan har yau ake rataye su ba suna, sai dai shekarun da ake jin an ɗauke su.