Wa Zai Tsaya wa Mai Laifi?

Daga cikin sana'o'in da boko ya zo da su, babu wadda jama'a ke yi wa kallon zargi kamar ta lauya mai kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka, wato aboka. Tambayar kullum ita ce: yaya mutum mai ilimi da tarbiyya zai miƙe gaban alƙalai yana neman sassauci ga wanda ya zubar da jini? Rayuwar Robert Badinter, lauyan Faransa da ya rasu a 2024, ta isa abin nazari a kan wannan batu.

An haife shi a birnin Pari a 1928, cikin iyalin Yahudawa. Yana ɗan shekara 14, ranar 9 ga Fabrairu 1943, ƴan sandan Hitila suka kama mahaifinsa a Liyon bisa umarnin Klaus Barbie. Aka kai shi sansanin Sobibor, bai dawo ba. Marayan ya karanta adabi da shari'a a Pari, ya ƙaro ilimi a jami'ar Columbia ta Amurka, ya fara aikin lauya a 1951. Sai dai darasin da ya fi ratsa shi ba a aji ya same shi ba. A 1972 ya kare Roger Bontems, fursunan da ya yi garkuwa da mutum biyu tare da abokinsa Claude Buffet a gidan kason Clairvaux. Kotu ta yarda cewa ba hannun Bontems ya yi kisan ba, amma ta yanke masa hukuncin kisa. Badinter na tsaye aka fille wa mutumin kai.

Bayan shekara biyar, a garin Troyes, ya kare Patrick Henry, wanda ya sace yaro ƙarami ya kashe. A nan babu kokwanto game da laifin, jama'a kuwa na neman jininsa. Badinter bai musanta abin da ya faru ba, bai kuma raina hawayen iyayen ba. Abin da ya yi shi ne ɗora wa masu yanke hukunci nauyin ran da ke gabansu, kowa da zuciyarsa. Aka yi wa Henry ɗaurin rai da rai. A 1981, yana ministan shari'a, ya kai wa majalisa dokar da ta soke hukuncin kisa.

Mai sukar wannan aiki yana da hujja mai nauyi: fasahar baki tana iya kuɓutar da azzalumi, ta bar wanda aka zalunta da ƙunci biyu. Amma lauya ba alƙali ba ne. Hukuma tana da ƴan sanda, da mai gabatar da ƙara, da gidan kaso. Wanda ake tuhuma ba shi da komi sai muryar mutum ɗaya. In aka toshe ta saboda laifin ya yi muni, gobe za a toshe ta ga marar laifi, domin kafin shari'a ba wanda ya san wane ne wane. Hukuncin da aka yanke ba a ji ta bakin mai shi ba, ramuwa ce ta sa rigar alƙali.

Gwajin gaskiya ya zo a 1983, da aka iso da Barbie daga Bolibiya, Badinter na kan kujerar minista. An gurfanar da shi a Liyon a 1987, Jacques Vergès ya kare shi da duk ƙarfinsa, kotu ta ɗaure shi rai da rai. Dokar da ɗan ya kafa ita ta tsare wuyan wanda ya hallaka uban. Kowa na son adalci ga masoyinsa. Ana gane mai riƙo da shi ranar da maƙiyinsa ya zo hannu.